Ramukan Bonet ɗin Badamasi

Kolo maƙeri ya ɗora kurfi a kan bonet, ya ɗaga guduma, sai ya tsaya yana kallon mai motar.

"Baba, in na buga fa shi ke nan. Ba a ɗinke ƙarfe."

Malam Badamasi na zaune a kujerar roba a inuwar darbejiya, ƙirjinsa na wannan kukan da duk unguwa ta saba ji ta katanga. Sai da ya tara numfashi sannan ya ce a buga. Matarsa, Iya Jannatu, tana bakin ɗakin girki da ludayi a hannu. Da ƙarar ta tashi, ita ce ta runtse ido, ba shi ba.

Motar nan kowa a Haɗeja ya san ta: ja, kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa kamar kwalekwale. Wani Bature mai aikin madatsar ruwa ne ya bar wa Badamasi ita tun yana saurayin bakanike. Kyau dai har kyau, amma an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. Da rana ta take, sai injin ya tafasa, ta tsaya tana huci.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba, mu kuwa ba ma mantawa, shi ne ranar ɗauko amarya. Ango ne da kansa, don rashin kunya, ya je Guri a motar nan ya ɗauko Jannatu. Ko rabin hanya ba su yi ba motar ta tafasa. Amarya da lulluɓinta da lallenta, a amalanken shanu ta shigo gari, kan buhunan shinkafa, ango na biye a ƙasa da galan ɗin ruwa. Har jikoki suka zo ana kiranta Amaryar Amalanke. Shi kuwa ya yi mata alkawari a ranar cewa wata rana motar nan za ta ɗauko ta daga Guri har ƙofar gida ba tsayawa.

Ya canza lagireto, ya ƙara fanka, ya gwada ruwan kogi ya gwada na famfo. Abokan sana'a suka yi ta ce masa zafin ba shi da mafita ne, a huda bonet. Ya ce sai dai bayan ransa, don in damina ta zo ruwa zai sauka kan injin. Mutumin da ko kaza ce ta hau motar sai ya wuni ba ya magana!

To ga shi yau yana nuna wa Kolo da sanda inda zai yanka: jere biyu, kowane tsagi a ɗaga leɓensa, bakin ya kalli baya, kamar kunnen tarwaɗa. Jannatu ta gane. Tun dawowarsu daga asibiti bai gaya mata abin da likita ya ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ramukan nan su suka ba ta amsa.

Da Kolo ya tafi, ta kawo masa kunu, ta ce, "Malam, ni fa na yafe tun tuni."

"Ke kika yafe. Ni ban yafe wa motar ba."

Ranar Laraba ya sa aka kai ta Guri a Keke Napep, wai ai amarya ba ta bin ango zuwa ɗauko kanta. Shi ya bi baya da sanyin safiya. Bai yarda su taso ba sai da rana ta take, domin a cewarsa da irin wannan ranar motar ta kunyata shi.

Jannatu ba ta kalli gonakin shinkafa ba, ba ta kalli masunta da ke shanya koma a bakin ruwa ba. Idonta na kan allurar da ke nuna zafin injin, kunnenta na kan ƙirjinsa. Iska mai ɗumi na fitowa ta ramukan tana bugun fuskarta. Da suka zo daidai tsamiyar da motar ta mutu a wancan karon, ya rage gudu, tari ya turnuƙe shi. Ta ce ya tsaya ya huta, don Allah.

Ya girgiza kai. Da tarin ya sake shi ya ce, "Ja mayafinki, 'yar Guri. Wace amarya ce ke zare ido haka?"

Tsohuwa da furfurarta ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce mana daga baya dariya take yi a ciki. Mu dai mun ga mayafin a jiƙe.

A ƙofar gida aka yi guɗa, ba sai na faɗi wadda ta fara ba. Badamasi ya kashe motar, ya sa Kolo ya taɓa bonet a gaban jama'a don a shaida injin bai tafasa ba, sannan ya yarda aka kama shi aka shigar da shi ciki. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Kafin wata Larabar, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi abinSa.

Ana cikin zaman makoki hadarin farko ya taso daga gabas. Mata suka yi ta kwashe tabarmi da kwanuka. Aka nemi Iya Jannatu a ɗaki ba a gan ta ba. Tana can gindin darbejiya, ta shimfiɗa mayafin nan a kan bonet, tana neman duwatsun da za ta danne gefunansa, yayyafi na sauka a bayanta.