Kallabi a Kan Hoton Ƙashi

"Ki ce wa wancan ya koma bakin aikinsa," in ji Inna Jummai, ta juyar da fuska bango. "Babu abin da zan nuna masa."

Wancan ɗin yana tsaye a tsakar gida, dab da labulen ɗakin, kuma duk abin da ta faɗa ya ji da kunnensa. Amma haka na ɗaga labule na fito na maimaita masa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya saurara kamar sabon labari.

"Anti Murja, ki ce wa Yaya hoton kawai nake so in gani."

Isyaku ke nan, ɗanta na fari, ma'aikacin jinya a wani asibiti a Kano, magidanci da matarsa da 'ya'yansa. Tun da aka yaye shi aka kai shi ƙauyen Achika wajen kakarsa, can ya girma, shi ya sa yake ce wa uwarsa Yaya. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta ɗauke ta da zafi irin na mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya zo gaisuwa sai ta amsa tana kallon ƙofa. Ni kuma katanga ɗaya ce ta raba mu a Sabon Gari, ga shi Allah ya yi ni da baki, sai na zama 'yar aikensu ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Abin ya faro ne da karaya. Inna Jummai suyar kifi take yi tun kafin in zo unguwar, har ɗaliban jami'a sun san ƙofarta. Wata safiya ta sunkuya za ta sauke kaskon mai, sai dantsenta na dama ya ce ƙas. Ba faɗuwa ta yi ba, ba bugewa ta yi ba. Aka ɗauko Gwadabe mai ɗori daga Ɗankaza, ya ɗora, ya kwance, ya sake ɗorawa, ƙashi ya ƙi kamawa. Ga ciwon baya da ta daɗe tana ce masa sanyi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai autarta Hafsat, mai aure a Abuja, ta zo ta tafi da ita.

A can aka yi mata hoton ƙashi. Yadda Hafsat ta ba ni labari, allura aka yi mata a jijiya, aka ce ta yi ta shan ruwa ta jira, sannan aka kwantar da ita wata na'ura ta bi ta daga kai har tafin ƙafa. Da aka miƙo takardar Inna ta leƙa, sai ta ga kanta: ƙwarangwal biyu a tsaye, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ba zane, ba riga, ba ko fata. Ta ce inna lillahi, wannan ai ya wuce tsirara. Ta ninke ta cusa a jaka, ta ce ba wani likita namiji da zai zauna yana yi mata bayani a kan wannan, a kai ta tasha. Hafsat ta yi kuka, ta yi magiya, a banza. Tun daga ranar hoton yake ƙarƙashin matashinta.

Na koma ɗakin na zauna a bakin gado.

"Inna, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi. Yaron nan aikinsa ke nan. Na matan mutane nawa ya gani?"

"Na mutane ne. Ni na haife shi."

"To in kai wa wani likita?"

"Ki kai wa bare? Murja, kina da hankali kuwa?"

Muka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. Ciwon ne ya yanke mana gardama. Ya taso mata daga kwankwaso, ta cije gefen zane don kada na waje ya ji, gumi yana tsatstsafo mata. Da ya lafa sai ta zaro takardar da hannun hagu, ta tuɓe kallabin kanta ta miƙo min.

"Ki rufe daga wuya zuwa gwiwa. Abin da ya saura ya gani. Kada ki bari ya ɗaga."

Na so in yi dariya, sai na ga idonta, na fasa. Na ninke kallabin na shimfiɗa a kan ƙwarangwal biyun, na danne da yatsu, na fita da shi kamar mai ɗauke da jariri.

Na zaci Isyaku zai ce in janye ƙyallen, tunda shi ɗan boko ne. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bai ko taɓa takardar ba. Ya tsuguna a gindin darbejiya, ni ina riƙe, yana duba kai da hannuwa da ƙwauri.

"Kin ga wannan baƙin tabon a dantse?" ya ce. "Ruwan allurar yana taruwa ne a duk inda ƙashi yake fama, yake ƙoƙarin gyara kansa. Karaya tana jawo haka, ciwon gaɓoɓi na tsufa ma yana jawowa, kamar wannan na gwiwa. Don an ga baƙi ba shi ke nan an ga mugun ciwo ba."

Na ce alhamdu lillahi. Yatsansa yana shawagi a saman ƙoƙon kai, inda wani ɗigo yake, ga kuma wani a ɗaya dantsen da bai taɓa karyewa ba.

"Ta taɓa bugewa a ka?"

"Ban taɓa ji ba."

"Anti, ke ki leƙa ƙarƙashin kallabin. Ni zan juya baya. Ki gaya min abin da kika gani."

Ya juya ya fuskanci katanga. Na ɗaga gefen ƙyallen. Haƙarƙari, gadon baya, kwankwaso, duk ɗige-ɗige ne baƙaƙe a warwatse, babu tsari, kamar an watsa gero a ƙasa. Na gaya masa. Na ce akwai kuma wani babba a ƙasan mara.

"Wannan ba komai, mafitsara ce, ta nan ruwan allurar yake fita. Sauran ne abin damuwa. Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi nama an gwada. Amma in suka bazu haka, yawanci ciwon daji ne da ya taso daga wani wuri ya sauka a ƙashi." Har yanzu katanga yake kallo. "Ki tambaye ta... ko akwai wani ƙullutu a jikinta. A ƙirji."

Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ranar sai da na tsaya a bakin labule ina neman kalmar da zan fara da ita. Inna ba ta jira na tambaya ba, ta ji komai. Ta ce in saki labulen sosai. Ta kwance zanenta da hannu ɗaya. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Tsumma ta naɗe wurin da shi, ta barbaɗa garin magani, kuma sai a lokacin na gane dalilin turaren wutar da ba ya mutuwa a ɗakinta.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kafin azumin bara."

"Kuma kika yi shiru? Ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ko ni ba sai ki gaya min ba?"

"In na gaya miki, wa za ki gaya wa?"

Gaskiya ta faɗa. Kunya ta rufe ni, ta abin da na gani da ta abin da zan fita in faɗa wa ɗanta.

Da na gaya masa sai ya zauna daɓas a kan turmi. Ya cire hula ya riƙe.

"Anti, ni ne fa ake turawa ƙauyuka ina tara mata ina ce musu su riƙa duba jikinsu. Har Achika na je na yi wannan bayanin." Ya rufe fuska da hular. "Da wane ido zan kalli abokan aikina?"

Ta ƙi komawa asibiti, ta ce ta gama tuɓewa a gaban mutane. Shi kuma ya ɗauki hutu ya tare a zauren gidan. Ya nemi shawarar likitocin wurin aikinsa, ya kawo maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya auna ya ajiye a bakin ƙofa, ni in ɗauka in ba ta. Ya hana a sake kiran mai ɗori. Hafsat ta zo da goyonta, muka riƙa karɓa-karɓa.

Sai aka kai lokacin da ba ta iya juyawa da kanta, bayanta ya fara salewa. Ni da Hafsat muka gwada juya ta, ta yi wata ƙara da har yau take kunnena. Isyaku ya yi magana daga bayan labule.

"Ku bari! Ƙashin ya yi rauni, za ku karya ta. Ku ce wa Yaya ta yi haƙuri, sai dai ni."

Can Inna ta ce, "Murja, miƙo min mayafi."

Ta lulluɓe fuskarta. Ya yi sallama ya shigo, idonsa a ƙasa. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a kwankwaso, ya juya ta a hankali, ya tokare bayan da matashi. Wannan karon ba ta yi ƙara ba. Daga ranar haka aka riƙa yi, safe da rana da yamma: ta rufe fuska, ya shigo, ya juya ta, ya fita. Rabon da jikinsu ya haɗu tun tana goya shi.

Ranar wata Juma'a da hantsi, ana jin motocin shanu suna wucewa kasuwa, ya shigo kamar kullum. Ya juya ta, yana durƙushe yana gyara matashin, sai na ga hannunta na hagu ya ɗago. Ta ja mayafin ƙasa. Ta zuba masa ido. Shi ya ƙame, bai ɗago ba, bai kuma matsa ba. Ta daɗe tana kallonsa, goshinsa, kunnensa, gemunsa.

"Murja," ta ce, muryar can ƙasa. "Ashe ya yi furfura."

Hafsat ta fashe da kuka ta fita. Ni na ce, "Ya yi, Inna. Ya daɗe da yi."

Ba ta mayar da mayafin ba. Shi ya riƙa laƙƙana mata kalmar shahada, tana binsa, tana kallonsa, kuma kafin a kira sallar Juma'a ta cika.

Bayan sadakar uku muna kwashe kayan ɗakin, na ɗaga matashi na ga hoton, har yanzu a naɗe cikin kallabinta yadda na mayar mata. Na kai masa zaure, na ce ga shi, yanzu ai sai ya duba sosai, ko zai amfani wata.

Ya karɓa da hannu biyu. Gefe ɗaya na ƙyallen ya zame, haƙarƙari ya ɗan leƙo. Ya sa yatsa ya ja kallabin ya rufe wurin, ya daidaita shi, sannan ya ɗora a cinyarsa ya ci gaba da amsa gaisuwar masu shigowa.