Wadda Ke Ɗaukar Waya

Gamaliel na tsaye a bakin kantinsa na abincin kaji da ke kan hanyar Akwanga, yana nuna wa Adebayo, maƙwabcinsa mai sayar da fenti, yadda sabuwar na'urarsa take amsa kira ta rubuta oda ba tare da hannun kowa ba.

"Ba ta zuwa biki, ba ta ciwon kai," in ji shi yana dariya. "Wata uku ke nan, ko buhu ɗaya ciniki bai ragu ba."

Bai rufe baki ba okada ya tsaya. Baba Ezekiyel, wani tsohon mai kiwon kaji daga Agwada, ya sauko a hankali, rungume da kiret ɗin ƙwai ɗaure da ƙyalle. Bayan gaisuwa ya leƙa cikin kantin, ya dubi teburin da ke kusurwa.

"Ina 'yata Priskila?"

Priskila ta shekara shida tana ɗaukar wayar kantin. Ranar da aka haɗa na'urar Gamaliel ya sallame ta, ya ce mata kasuwa ce ta lalace, alhali kuwa ba ta lalace ba.

"Ta ɗan fita," ya ji bakinsa ya faɗa. Adebayo ya sunkuyar da kai.

"To ka ajiye mata wannan. Makon jiya kajina ɗari uku suka fara farin kashi. Sau biyar ina kiran lambarka, wata mata mai murya kamar ta rediyo tana ta ce mini ba ta gane ba, in maimaita. Ni da Hausata ta tsufa! Sai maƙwabcina ya ba ni lambar yarinyar nan. Da yarenmu na Mada ta yi mini magana, ta tambaye ni launin kashin, ta ce kada in ba su komai sai magani ya iso. Kafin la'asar direbanka ya kawo. Bakwai kaɗai na rasa." Ya dafa kafaɗar Gamaliel. "Ɗana, ka riƙe ta hannu biyu. Mu duk can ita muke kira."

Da tsohon ya tafi, Adebayo ya ce yana da mai jiransa, ya koma kantinsa ba tare da ya waiwayo ba.

Gamaliel ya zauna ya buɗe jerin kiraye-kirayen da bai taɓa dubawa ba, don kullum odar kawai yake kallo. Lambobin ƙauye duk sun katse kafin minti ɗaya. Can ga wata lamba guda tana maimaita kanta, safe da rana: buhu biyu zuwa Garaku, maganin tsutsa zuwa Agwada, 'yan tsaki hamsin ga wata Mu'mina. Ya san lambar. Ashe manoma su kira Priskila, ita kuma ta kira na'urar da katin wayarta, ta yi mata Turancin da take ganewa. Ranar Lahadin da ta wuce ma, a harabar coci, ya yi ta cika baki da wannan na'ura, Priskila na tsaye kusa tana jinsa.

Ya ɗauki ƙwan ya hau mashin zuwa Jigwada. Ya sami Priskila a tsakar gidansu tana shanya wanki. Ta goge hannu da zani ta rusuna.

"Oga, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Baba Ezekiyel ne ya ce a ba ki." Ya miƙa mata, idonsa na kan igiyar shanya. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce me, Oga? Kaji ba su san an sallame ni ba."

Ya so ta yi faɗa, ko ta tuna masa da ƙaryar kasuwa, da ya fi masa sauƙi. Kujera ta jawo masa. Ya kasa zama.

"Ki dawo ranar Litinin. Zan cire na'urar nan."

Ta daɗe tana gyara ƙyallen da aka ɗaure ƙwan da shi.

"Litinin zan fara aiki a kantin maganin Madam Morayo. Na riga na ba ta magana. Ta kuma ce ba a riƙe waya a bakin aiki."

"To ki ba manoman lambata ta hannu. Ni zan riƙa ɗauka da kaina."

Ta ɗago ta dube shi, ba da raini ba.

"Oga, kana jin Mada?"

Shekara goma sha biyar yana cin abinci da mutanen nan, ko gaisuwarsu bai iya ba. Sannan ya jawo kujerar ya zauna, ya ciro biro da wata tsohuwar takarda daga aljihu, ya ɗora a gwiwa.

"Yaya ake cewa, me ya sami kajin?"