Sitiyarin Baba

Tun ranar da Baba ya karya madubin motar maƙwabci, 'ya'yansa suka fara zancen karɓe mukullin motarsa. Ba wanda ya fito ya ce ya tsufa, amma ya san inda suka dosa. Auta ce kaɗai ta iya faɗa masa ido da ido: motar nan yawo take yi a kan titi, in ba a gano dalili ba, tuƙi ya ƙare ke nan.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da ya ci da su, ya sha da su da tuƙi, yau shi ake yi wa kashedi! Ya ce laifin mota ne, kuma za su gani da idonsu.

Da safe shi da Auta suka nufi garejin Dogo, bakaniken da ya san motar tun tana da fenti.

"Baba Direba, yau kuma me amaryar ta yi?" in ji Dogo.

"Gardama take min. In na ce dama, sai ta yi shawara tukuna."

Dogo ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar hagu da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe. Aka ji ƙwas, ƙwas. Ya shafa cikin tayar, gefen ya cinye sumul. Daga nan ya sauke motar, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya ɗora tafinsa a inda sandar sitiyari ta haɗu da ƙafa, ya ce Baba ya riƙa motsa sitiyarin kaɗan-kaɗan.

"Yauwa, ga ɓarawon! Kan tayarod ne ya mutu. Robar ta tsage, giris ya tsiyaye, ƙasa ta shiga ta yi ta gurzar ƙarfe."

Kowa in ya je gareji fatansa kada a ga komai. Baba kuwa sai baki har kunne, kamar an yi masa albishir.

"Auta, zo ki sa hannu ki ji. Kada a je gida a ce ni na tsara."

Ta tattare zanenta ta durƙusa, ta ji bugun a yatsunta. Ta ce, "Na ji, Baba." Ita ma ta ji daɗi har ranta, don ba son raba shi da motar take yi ba.

Aikin ya ɗan ja. Noti ya yi tsatsa ya kafe, sai da Dogo ya jiƙa shi da mai, ya lallashe shi da guduma. Kafin ya kwance tsohon ƙarfen ya yi alama da alli, don sabon ya zauna daidai inda na da yake. Baba yana kan benci yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaya, Dogo yana ta cewa "to, Baba" yana yin abin da ya ga dama. Da ya gama ya saita tayoyin, ya wanke hannu.

Dogo ne ya fara gwadawa. Motar ta miƙe sambal. Suka sauya, Baba ya karɓa, Auta a gefensa, Dogo a baya.

Ba su yi nisa ba motar ta fara karkata, ta dawo, ta sake karkata.

"Baba, daina yi mata gyara," in ji Dogo a hankali. "Hannunka ne ya saba da tsohon sakin. Yanzu duk abin da ka ce, ji take yi. Kwana biyu zai wuce."

Baba ya yarda, don yana son ya yarda. Ya damƙe sitiyarin da niyyar ba zai motsa shi ba ko kaɗan. A nan ne ya ga hannunsa na dama yana karkarwa shi kaɗai, ba da izininsa ba. Da, lalataccen ƙarfen nan yakan shanye rabin karkarwar kafin ta kai taya. Yanzu ba abin da ke ɓacewa a hanya. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba.

Ya kunna sigina, ya gangara gefe, ya tsaya tsaf, ya ja birkin hannu.

"Aikinka ya yi kyau, Dogo. Allah ya yi albarka."

Ya fito ya zagaya, ya buɗe ƙofar Auta.

"Baba, ai ya ce zai wuce," ta ce.

"Fito ki kai mu gida, 'yar nan. Ki bi ta a hankali, yanzu ba ta da laifi ko ɗaya."

Ya zauna a kujerar da ta tashi, ya ɗaura bel, ya cusa hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyinsa.