Kwalbar Bayan Madubi

Surukata akwai hannun gyara, Allah ya sani. Tun da ta zo taya ni reno babu lungun da ba ta leƙa ba, har ta kai ga ƙaramar kwalbar da na ɓare wa takarda na ɓoye a bayan madubi.

Maganin jaririyata ne. A wajen awon ciki aka gano ina da tunjere da ƙanjamau, aka gwada maigidan, shi ma haka. Tunjeren an yi mana allura ya tafi. Ɗayan kuwa ƙwaya nake sha kullum, ita kuma yarinyar ana ɗiga mata nata kowace safiya don kada ta ɗauka. Likita ta ja mini kunne: kada a tsallake ko rana ɗaya. Maigidan kuma ya roƙe ni kada uwarsa ta ji.

Rannan da safe na laluba, wayam. Na fito falo, ga Mama da kwalbar a cinya.

"Yarinya ɓul-ɓul da ita, me za a yi ta ɗura mata? Ku 'yan zamani ba ku gajiya da magani."

"Mama, ki ba ni, lokaci na wucewa."

"Maganin mene ne?"

Na dubi ɗanta. Gogan naka sai ya duƙufa yana neman mukullin shago, alhali yana hannunsa. Kai, ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba! Tsoro kuma ya fi haushin yawa. Na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta dubi jaririyar da ke hannuna. Ɗanmu na fari bai zo da rai ba, kuma ita ce ta karɓe shi a hannun ungozoma.

"Shi ma abin da ya ɗauke shi ke nan?"

"Tunjeren ne, in ji likita. Da an gwada ni a lokacin, allura ce kawai."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙo hannu na ɗora mata jikarta.

"Nuna mini iya inda ake zuƙowa."

Na nuna mata layin a jikin sirinji. Ta ɗiga a gefen bakin, a hankali, har yarinyar ta haɗiye. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Kai kuma ina naka? Ɗauko ka sha a gabana. Na binne ɗaya, ya ishe ni."