Tocilata da Jakar Inna

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Shekarata goma sha ɗaya a kamfani ɗaya, inda ake ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikata. Kekuna arba'in da biyu ne a zauren, duk masu lantarki, kuma duk wanda ya fara tari ni ake kira. Matan da ke ɗinki suna ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Ina da saurin fushi, wannan ko matata ba ta ɓoye wa baƙi.

Da can babbar tocila nake aiki da ita, mai manyan batira biyu, wadda sai na roƙi wata ta bar ɗinkinta ta riƙe mini, ta yi ta haska mini kunne maimakon cikin keke. Sai na sayi wannan siririyar. Kaurinta bai fi na biro da yawa ba, ana maƙala ta a aljihun riga, kuma cajar waya ce ke cika ta. Abin da ya fi sace mini zuciya shi ne mayen ƙarfen da ke gindinta. Ka manna ta a jikin keke, ta tsaya cak tana haska maka, hannayenka biyu suna aiki. Na yi tallarta har na gundure kowa. Doguwa, mai keke na sha huɗu, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, ta ce ko ɗan fari ba a yi masa irin wannan nunin ba.

Aibinta kuwa na san shi, ban dai faɗa wa kowa ba. In ka ƙure haskenta takan yi zafi har ta gasa maka yatsa. Takan shige cikin sukurudirebobi ka yi ta lalube kana tsaki. Mafi muni, ba ta sallama. Tsohuwar tocilata takan yi mako guda tana ja-ja tana gaya maka batir ya kusa. Wannan tana cikin haske tar, sai ɗif.

Wata Talata da la'asar na shafa aljihu, babu tocila. Na zazzage akwatin kayan aiki, na duba ƙarƙashin teburina, na bi layin kekuna ina leƙe. Ranar na gyara kekuna shida, Manaja ya kira ni sau biyu saboda injin yanka ya tsaya, kaina ya ɗauki zafi. Amma na rantse wa kaina a kan teburi na ajiye ta. Teburina kuwa yana lungu, mutum ɗaya ce ke shiga wurin ban da ni, wato Inna mai shara.

Inna ta girmi mahaifiyata. Na zo kamfanin na tarar da ita tana share zare da guntayen yadi, tana jan ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Ita ce ke tsince karyayyun allurai ta zuba a gwangwani don kada su soki wani. Na tambaye ta, ta ce ba ta gani ba. Na sake tambaya da wata irin murya, ta ce wallahi ɗana ba ta gani ba, amma za ta duba. Wannan za ta duban ne ya tunzura ni, na ɗauka wayo ne na neman lokaci.

Da aka tashi aiki mata suka yi layi a bakin ƙofa. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na sha gaban Inna, na ce wa maigadi:

"Buɗe jakar nan."

Maigadi ya dube ni, ya dube ta, ya ce haba Injiniya, Inna ce fa. Na ce ko uwata ce a buɗe. Haka na faɗa, da ƙarfi, mata arba'in suna ji.

Ita da kanta ta ajiye jakar a ƙasa ta zuge. Silifa ne a ciki, da man shafawa na gwiwa, da robar ruwa, sai wani ƙunshi. Maigadi ya kwance shi. Guntayen yadi ne, irin waɗanda ke zuba daga teburin yanka, an jera su launi-launi an ɗaure da zare. Dokar kamfani ta ce ko zare ba ya fita. Amma kowa ya san Inna na tsintar su daga cikin shara ta harhaɗa wa jikokinta abin rufa, ni ma na sani, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Tsautsayi ya sa Manaja ya fito daidai lokacin zai shiga mota. Abin da aka baza a gaban jama'a, Manaja ba shi da halin kau da ido a kansa. Ya ce ta ajiye ƙunshin, kuma daga gobe ta huta.

Ba ta roƙe shi ba. Ta mayar da silifanta cikin jaka, ta gyara mayafi, ta fita tana jan ƙafa. Tocila dai ba a gani ba.

Da na ba matata labari sai ta ajiye abin da take yi ta tambaye ni ko an sami tocilar a jakar. Na ce ai irin wannan siririyar ko a ƙugun zani sai a soke ta. Ta ce to, Allah ya sa haka ne, don in ba haka ba ne ba ta san inda zan sa kaina ba. Na yi mata tsawa, ta tashi ta bar mini ɗakin.

A wurin aiki aka daina tsokanata. In keke ya lalace sai a ɗaga hannu a nuna shi, ba mai cewa Injiniya. Gaisuwar ina kwana ma sai ni na fara yi, a amsa mini a ciki. Na koma kan tsohuwar tocilata, kuma ba wadda ta ƙara tayin riƙe mini. Duk da haka na yi ta gaya wa kaina ni aka cuta.

Kwana tara bayan nan keken Doguwa ya fara wata ƙara daga ƙasa. Irin waɗannan kekunan ana tura kansu baya ne su kwanta, sai cikinsu ya bayyana, da farantin mai a ƙasa. Na tura kan keken. Ga ta nan manne a jikin ƙarfe ta ciki, mai ya wanke ta, ta ɗan zame tana gogar wani sanda.

Nan take komai ya dawo mini. Ranar Talatar nan ni na manna ta a wurin ina gyaran zaren ƙasa. Manaja ya kira ni wurin injin yanka, na daɗe. Kafin in dawo cajinta ya ƙare ta mutu. Na ƙarasa ɗaure abin da ya rage da hasken taga, na mayar da kan keke na rufe. Da tana ci da na gan ta, da mai kauri ce da keken bai rufu ba. Amma hannun da ya rufe nawa ne, bakin da ya yi magana a ƙofa ma nawa ne.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne in dunƙule ta a tafin hannu in zura a aljihu, ba wanda zai sani. Har na kai hannu. Sai na ji Doguwa a kaina tana cewa a hankali:

"Injiniya, in kira maigadi ya buɗe jakar keken?"

Ba ta yi dariya ba, ba wadda ta yi. Kekunan da ke kusa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsugune, mai na ɗiga daga hannuna a kan wandona, na kasa ɗaga kai.

Haka na wuce ofishin Manaja da man a hannu. Na faɗa masa komai, na ce laifina ne, a dawo da ita, in ma hukunci ne a yi mini. Ya ce shi ba don tocila ya sallame ta ba, don yadi ne, kuma ya riga ya rubuta wa masu kamfani. Ya ce an ba wani kamfanin shara aikin, sun ma sa hannu a takarda. Na roƙe shi har muryata ta canza. Ya ce in je in wanke hannuna, ina ɓata masa teburi.

Ranar Asabar da safe Doguwa ta yi mini kwatancen gidan Inna, na je. Ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya, igiyoyin shanya sun cika tsakar gida. Na tarar da Inna zaune a kan kujera 'yar tsugune, 'yarta na wanki a gefe. 'Yar ta gane ni tun kafin in yi sallama, ta juya mini baya ta ci gaba da cuɗa. Inna kuwa ta yi mini maraba, ta sa aka ba ni wurin zama, ta tambayi matata da yara.

Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Na ciro tocilar na ɗora a tafin hannu, na ce a cikin keke na same ta, ni na rufe ta da hannuna, ta yafe mini.

Ta karɓa ta jujjuya ta. A nan na lura yatsunta uku naɗe suke da ƙyalle.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe ba ni na zubar ba."

Ban gane ba. 'Yar ce ta juyo, idonta jajir, ta yi mini bayani. Tun ranar Inna ta sa wa ranta cewa ko tocilar ta faɗo daga teburi ta haɗa da shara ta kwashe ba ta sani ba, tunda siririya ce. Kwana uku tana zuwa jujin da ke bayan kamfani da sassafe tana tona buhunan shara da hannu. Karyayyun allurai ne suka yi mata haka, don tun da ta tafi ba mai tsince su.

Na dubi yatsun, na dubi ƙasa. Na gwammace ta zage ni, ta tara mini maƙwabta, amma sai ta miƙo mini tocilar da hannu biyu ta ce in riƙa kula, abu mai kyau irin wannan. Ta ce ta yafe, ai ɓacin rai ne. Sannan ta gyara zama, fuskarta ta saki, ta ce:

"To tunda an gani, ɗana, ranar Litinin in zo da wuri ko?"

'Yar ta daina wanki tana jiran amsata. Ni kaɗai na san abin da Manaja ya ce.