Inda Jigon Ba Bunu Ya Tsaya

Umara yana kan tsani yana ƙarasa gashin bakin wani mutum a allon shagon aski, sai ya ji an girgiza tsanin. Ya leƙo ƙasa. Yayansa Goni ne, ya taho tun daga ƙauyensu da ke kan hanyar Geskeru, ko sallama bai yi ba.

"Sauko. Gonar Baba za ta tafi."

Umara ya sauko da buroshi a hannu. "Za ta tafi ina, Yaya?"

"Hannun Ba Abatcha, maƙwabcin gonarmu. Ya ce bakin ruwan duka nasa ne. Wai jigon Baba can yamma yake, wurin da kogi ya cinye. Ya kawo tsofaffi biyu sun ce haka ne. Bulama ya ba mu zuwa Asabar mu kawo shaida."

A ƙarshen shekarar 2001 kogin Komadugu ya cika ya haura gaɓa. Da ya janye, sai aka tarar ya kwashe shinge da turaku, ya shimfiɗa yashi a kan gonaki har ba a gane ta wane daga ta wane. A ƙauyen kuwa dokar ɗaya ce tun kakanni: inda mutum ya kafa jigon ɗibar ruwa, nan ne bakin ruwansa. Jigo ya daɗe da faɗuwa tun da motopom, injin ban ruwa, ya shigo, amma dokar tana nan. Gonar tattasai da ba ta taɓa kogi kuwa fili ce kawai. Da ita Goni ke ciyar da tsohuwarsu Ya Falmata da 'ya'yansa shida.

"To ni me zan yi?" in ji Umara.

"Katakon nan da ka ɓata kwana tara a kansa muna tsinkar tattasai. Yana ina?"

Wannan ne karo na farko da Goni ya tambayi wani aikin ƙaninsa.

Umara bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Yana aji huɗu mushe, malamin ajinsu, ya kore shi, ranar da ya zana shi a allo yana gyangyaɗi, har da ƙudan da ke kan leɓensa. Babu wanda ya koya masa zane. Da gawayi ya fara, a bangon mutane. Da ya shigo Diffa a 1991 ya riƙa bin gareji yana kankare ragowar fentin mota daga gwangwanaye, yana ɗaura buroshi da gashin jelar doki. Ya yi wa masu aski allo, ya yi wa teloli, ya zana bayan manyan motocin da ke kai tattasai Najeriya. Aibunsa ɗaya a wurin masu ba shi aiki: ba ya zana abin da bai gani ba. Wani direba ya taɓa cewa ya yi masa zaki. Umara ya ce bai taɓa ganin zaki ba, ya zana masa karen gareji, da yagaggen kunnensa. Direban ya yi kwana biyu yana zagi, daga baya ya ƙi yarda a goge.

Yana da wani kara mai tsaga-tsaga da ba ya rabuwa da shi. Sai ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya auna abu da tsagar karan kafin ya sa shi a katako. Shi kaɗai ya gano dabarar, da ya ga raƙumansa suna fitowa da gajerun ƙafafu.

A kakar 1994 ya koma ƙauye da murfin wani tsohon kabad, ya zana gonarsu. Tattasai ja shanye a ƙasa, kogi a cike, mahaifinsu Ba Bunu yana jan jigo. Bayan shekara biyu tsohon ya rasu. Zanen kuma tun a shekarar da aka yi shi Alhaji Yaro ya saye shi, wani Badamagare mai butik a bakin kasuwa.

Can suka nufa. Zanen yana rataye sama da buhunan shinkafa.

"A'a, yau Barebari biyu a shagona," in ji Alhaji Yaro. "Tattasan ne ya ƙare, ko hankali kuka zo saye?"

Umara ya yi masa bayani. Alhajin ya daina dariya, ya hau buhu da kansa ya sauko da zanen, ya goge shi da hannun riga.

"Ku tafi da shi. Amma a dawo mini da tsohona lafiya. Shekara takwas muna hira da shi in kasuwa ta yi sanyi."

Suna fita Goni ya jingina katakon da bango ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon fuskar ubansa. Sai idonsa ya gangara gefen dama, ya tsaya.

"Wannan mene ne?"

"Shingen ƙayar Ba Abatcha."

"Kusa da jigo haka?"

"Taku huɗu."

Goni ya miƙe. Shekarun da Ba Abatcha ya yi a tafkin Cadi yana sana'ar kifi, shingen ya ruɓe, Goni ya riƙa matsawa gabas kaɗan-kaɗan har ya kai taku ashirin daga jigon. Yanzu ma har ga Allah Goni yana ganin wurin nasa ne.

"Kana da jan fenti?"

"Ina da shi."

"Rufe shingen nan da tattasai. Aikin rabin sa'a ne."

"Ba tattasai na gani a wurin ba, Yaya."

"Ban tambaye ka abin da ka gani ba. 'Ya'yana shida, Umara. Kai naka gwangwanaye ne."

Maganar ta soki Umara, amma bai ɗaga murya ba. "Sabon fenti yana sheƙi, tsoho ba ya yi. Bulama ba yaro ba ne. In ya gane na taɓa wuri ɗaya, jigon ma ya zama ƙarya. Ka zaɓa."

Goni bai zaɓa ba. Ya ɗauki katakon ya ɗora a ka, ya yi gaba zuwa tasha, Umara na biye.

Ranar Asabar da hantsi rabin ƙauyen yana bakin kogi. Ruwa ya ƙafe, sai farin yashi har gaɓar Najeriya. Aka shimfiɗa wa Bulama, mai garin, tabarma, aka jingina zanen da amalanke. Mata suka tsaya daga gefe, Ya Falmata a cikinsu da sandarta.

Ba Abatcha, dogon tsoho mai jan gemu, ya dubi katakon sau ɗaya ya kau da kai.

"Bulama, wannan fenti ne. Ni ma a ba ni gwangwani, yanzu in zana gonata ta kai Maiduguri."

Aka yi dariya. Bulama bai yi ba. Ya sa aka matso masa da zanen, ya sunkuya.

"Bunu ne," ya ce a hankali. "Har da karkatar kafaɗarsa." Ya ɗago. "Amma katako ba ya rantsuwa, ɗana. Ƙafafun jigo na goruba ne, ba sa saurin ruɓewa. In suna nan, suna ƙarƙashin yashin nan. Na ba ka rami biyu. Ka nuna, a tona. In ba a samu ba, maganar tsofaffi zan bi."

Umara ya dubi filin. Babu komai a kansa, ko kututture. Sai ya dubi tsallaken kogi, inda ambaliya ba ta kai ba.

A zanen akwai wata tsohuwar tsamiya a can, da kan wata goruba yana leƙowa daidai tsakanin manyan rassanta biyu. Tsamiyar tana nan. Gorubar ma tana nan, amma can gefe. Umara ya fara tafiya a karkace kamar ƙaguwa, idonsa a tsallake, mutane suna matsa masa. Gorubar ta riƙa matsowa, ta riƙa matsowa, har ta shige tsakanin rassan. Ya ja layi da ƙafa.

Ya zaro karansa. A zanen, daga tsamiya zuwa wani farin masallaci tsaga huɗu ne. Ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya. Huɗu da rabi. Ya ja da baya a kan layin, ya sake aunawa, ya ƙara ja, har ya zama huɗu cif.

"A nan nake ranar," ya ce.

"Bokanci ya koya a Diffa," wani ya faɗa daga baya.

Daga nan ya auna gindin jigon: tsaga uku ƙasa da gaɓar tsallake, biyu zuwa dama. Ya nuna wa Goni, ya yi ta cewa matsa, matsa, tsaya. Goni ya caka shebur.

Mutum uku suka yi ta tono. Ramin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Aka fito da bawon katantanwa da rabin takalmin roba. Goni ya fito daga ramin jiƙe da gumi, bai ko kalli ƙaninsa ba.

"A ci gaba, ƙila a samu rijiya," in ji Ba Abatcha. "Ka ga an huta da rigimar kogi."

"Saura ɗaya," in ji Bulama.

Umara ya koma wurinsa ya sake aunawa. Nan ɗin dai karan ya nuna. Ya sake. Nan ɗin ne. Tsamiya daidai, masallaci daidai, to ina kuskuren? Ya ji ana cewa a bari yaron ya koma aikin allon aski.

Sai aka ji sanda tana bugun amalanke. Ya Falmata ce.

"Umara. Yaushe ka zama mai aiki a tsaye?"

"Na'am, Ya?"

"Kwana tara ka yi a kan kifaffen kwandona, ubanka yana kiranka kana cewa ga ni nan zuwa. Har kwandon ya lotse. Yau kuma don ka ga mutane ka miƙe kamar sandan soja?"

Matan suka fashe da dariya. Umara ya tsaya baki buɗe. Sai ya juya ya karɓi kwando daga hannun wata mata, ya kife shi a kan yashi, ya zauna. Ya miƙa karan. Tsaga uku ƙasa, biyu dama. Wannan karon karan ya sauka kusa, taku bakwai kafin ramin farko.

"Nan, Yaya."

Goni ya dube shi. "Ka tabbata? Ba mu da na uku."

"Nan ne."

Yashi ya yi ta tashi. Gwiwa. Cinya. Da ramin ya kusa ƙugu, shebur ɗin Goni ya daki wani abu ya tsaya. Ya jefar da shi ya durƙusa yana tono da hannu. Kan wani baƙin kututturen goruba ya fito. Kamu biyu daga gefensa aka tarar da ɗan'uwansa, da tsagar da sandar jigo ke zama a kai.

Goni ya dafa kututturen ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi.

Ba Abatcha ya zo bakin ramin ya daɗe yana kallo. "Wallahi na ɗauka can yamma yake," ya ce. "Kogin nan ya juya mana kai, Bulama. Ban yi niyyar cin haƙƙin marayu ba."

"Na sani," in ji Bulama. Ya sake jawo zanen, ya ɗora yatsa a gefen dama. "Ɗana, wannan fa?"

Goni ya ɗago daga cikin rami. Umara ya ji idonsa a kansa.

"Shingen Ba Abatcha ne, ranka ya daɗe. Taku huɗu gabas da jigo."

Bulama ya tashi da kansa ya taka huɗu, ya ce a kafa turke. Daga turken zuwa yamma na gidan Bunu, da bakin ruwansu. Daga turken zuwa gabas na Abatcha, da nasa. Aka shafa fatiha.

Kafin taron ya watse mutum uku sun tare Umara, kowa yana son a zana masa gonarsa tun kogi bai sake cika ba. Na huɗun Ba Abatcha ne. Ya ce shi a sa shi a ciki, amma a rage masa tsufa.

"Yadda na gan ka zan sa ka, Baba."

"To bari in sake rini a gemun tukuna."

Shekara huɗu Umara ya yi yana bin gaɓar Komadugu da kwando da kara, daga Asaga har Geskeru. Daga baya ya buɗe shagonsa a Diffa, ma'aikata da baƙi suna zuwa sayen zanen masunta da masu tsinkar tattasai. Amma wannan duk daga baya ne.

A waccan shekarar, Goni ya yi wata uku ba ya yi masa magana. Ranar da ruwa ya dawo kogi, sai ga saƙo wai ya zo ya kama masa motopom. Suka ɗauko injin su biyu daga gida, suka ajiye shi a gefen turken.

"Taku goma sha shida ka ci mini," in ji Goni yana ɗaura tiyo.

"Na sani, Yaya."

"Fangali tara ke nan. Na ƙirga."

Ya ja igiyar injin sau biyu, a na uku ya tashi. Tiyon ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata, ya bi ta a guje zuwa fangalin farko inda yaran Goni ke tsaye da dashen tattasai a hannu.

"Me kake kallo?" in ji Goni. "Tuɓe takalmi ka shigo. Akwai aiki."