Wasan Sarki Harmund a Camberwell

Jamilatu ta zo Landan a 1989 don yin digiri na uku a fannin tarihi, a ɗaya daga cikin kwalejojin Bloomsbury. Bincikenta a kan wani ƙaramin sarki ne mai suna Harmund, wanda ya mulki wasu tsibirai a arewacin Birtaniya kusan shekara ɗari takwas da suka wuce. Ya yi yaƙe-yaƙe, ya gina tashar jiragen ruwa, ya mutu bai bar ɗa ba. Amma duk littafin da ka buɗe, maganar aurensa za ka fara cin karo da ita. An ce tun ranar biki ya tsani matarsa Edelin. An ce bai taɓa kusantarta ba saboda ba shi da lafiya irin ta maza. An ce ita kuma ta nemi na waje, wani mai kula da dawakinsa.

Jamilatu ta daɗe tana bin wannan "an ce" zuwa tushensa, ta tarar duk daga bakin mutum ɗaya ya fito. Wani malamin coci ne da ya yi rubutu bayan sarkin da matarsa sun daɗe a kabari, kuma yana zaune ne a inuwar dangin da suka karɓe sarautar. Waɗanda suka zo bayansa kwafa kawai suka yi, kowa yana ƙara gishiri.

Ta ba da wannan labarin wata Lahadi a gidan Alhaji Nata'ala, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa da ke kudancin Landan. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya zauna a Camberwell, kuma ɗalibai kan je flat ɗinsa cin tuwo. Ya saurare ta da kyau, har ya ajiye cokali.

"'Yata, wannan ai wasan kwaikwayo ne ya zo har gida," in ji shi. "Taron bana za mu yi shi. Na riga na yi booking ɗin hall, ɗakin taron nan na council. Ki rubuta mana labarin da Hausa, sauran aikin namu ne."

"Alhaji, yawancinsa fa babu tabbas. Abin da nake ƙoƙarin nunawa ke nan."

"To ki nuna. Za mu ba ki minti biyar ki yi bayani kafin a fara."

Ta ji daɗi. Ba ta taɓa samun mai son jin aikinta ba in ban da malaminta. Ta rubuta shafi huɗu ta kai masa, ta ja layi a ƙarƙashin duk inda magana ba ta da shaida.

Saura mako guda a yi taron ta je kallon gwajin wasan. Wanda aka ba matsayin sarki shi ne Inusah, mutumin Gana daga zangon Kumasi, direban tasi na minicab a Stratford, mai raha da son mutane. Ya fito da rawanin kwali da bargo ja a kafaɗa. Sai Jamilatu ta ga ya sa tabarau mai kauri, yana ɗan jan ƙafar hagu, kuma duk sanda zai yi magana sai ya murza kunnensa. 'Yan wasan suka fashe da dariya, wata har tana riƙe ciki.

Da aka tsaya hutu ta same shi a bakin ƙofa.

"Malam Inusah, a zamanin sarkin nan babu tabarau. Wa ya ce ka sa?"

"Alhaji ne. Ya ce in yi tafiya kamar dokta ɗin nan, wanda matarshi bai haihu ba." Ya dube ta, murmushinsa ya ragu. "Ya ce wasa ne, dokta ma ya sani."

Jamilatu ta gane wanda ake nufi. Dakta Zuberu likitan ƙashi ne a babban asibitin unguwar, mutum mai shiru, mai ɗingishi tun yarinta. Matarsa Safura tana koyar da lissafi a wata sakandare. Sun kai shekara tara da aure babu haihuwa, kuma Jamilatu ta sha jin ana gutsura maganarsu a kicin wajen suna ko walima. Wasu su ce laifinsa ne. Wasu su ce an ga Safura a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da wani Bature. Ta kuma san cewa bara Alhaji ya nemi likitan ya rubuta wa ɗan ƙanensa takardar ciwon baya don ya samu benefit, kuɗin tallafin gwamnati, likitan ya ƙi.

Ta karɓi takardun wasan daga hannun Inusah ta duba. Duk inda ta ja layi, nan aka faɗaɗa. Mai kula da dawaki ya koma "abokin aikin sarauniya". An ƙara wani wuri inda sarki ke duba marasa lafiya alhali ya kasa maganin kansa.

Ta sami Alhaji yana lissafa kujeru.

"Alhaji, wannan ba Harmund ba ne. Dakta Zuberu ne."

"Wa ya ambaci sunansa? Tarihi ne, ke kika kawo."

"Na kawo shi ne don in ce babu wanda ya gani. Shi wanda ya rubuta bai taɓa haɗuwa da su ba. Ku ma wa ya shiga ɗakin Dakta ya ga abin da ke ciki?"

"Jamilatu, ke yarinya ce. Abin da kowa ya sani ba ya bukatar shaida."

"Kowa daga wa ya ji?"

Ya ci gaba da lissafin kujerunsa. Ta koma wajen Inusah ta gaya masa likitan bai san komai ba. Inusah ya cire rawanin kwalin ya ajiye a kan tebur, ya ce shi ba ya cin naman mutum, ya ɗauki makullin motarsa ya tafi. Jamilatu ta yi zaton an fasa wasan ke nan. Bayan kwana biyu ta ji an ba ɗan ƙanen Alhaji matsayin, shi mai ciwon bayan.

Ta yi tunanin buga wa Safura waya, ta rasa da wane baki za ta fara. Ta yanke shawarar za ta yi amfani da minti biyar ɗinta.

Ranar Asabar da yamma hall ya cika. An jera shinkafa da waina da zoɓo a bayan ɗaki, yara suna guje-guje suna magana da Turanci. Dakta Zuberu da Safura suna layi na uku. Jamilatu ta hau dandamali ta faɗi abin da aka sani game da Harmund da abin da ba a sani ba. Ta ce labarin aurensa daga bakin maƙiyinsa ya fito, kuma mutane sun riƙe shi ne don yana da daɗin faɗi. Ta ce ba ta da hannu a abin da za a nuna. Ba ta kai ƙarshe ba aka fara tafi don ta sauka. Wani daga baya ya ce, "Malama, mun gode, a fara wasa."

Sarki ya fito da tabarau yana jan ƙafa. Dariya ta tashi tun kafin ya buɗe baki. Jamilatu tana tsaye a gefe tana kallon fuskoki. Mutanen da Dakta Zuberu ya duba wa iyaye kyauta, matan da Safura ta koya wa 'ya'yansu lissafi ranar Lahadi, duk suna dariya da waina a baki, suna waiwayowa layi na uku su ga yadda abin ke shiga. Wata hajiya ta zunguri ta kusa da ita da gwiwar hannu. Wani ya ɗaga ɗansa a kafaɗa don ya gani sosai.

Ana tsakiyar wasa na'urar kiran likitan ta yi ƙara a ƙugunsa. Ya duba, ya raɗa wa matarsa magana, ya tashi ya bi ta tsakiyar kujeru yana ɗingishi, daidai lokacin da na kan dandamali ke yin irin tafiyar. Hall ya kaure da dariya. Jamilatu ta ji wani yana cewa, "Ya kasa zama."

Safura ba ta motsa ba. Jamilatu ta je ta zauna a kujerar da mijin ya bari, suka kalli sauran wasan tare har aka rufe labule. Bayan nan Safura ta ɗauki jakarta, ta gaisa da waɗanda suka tare ta da fara'ar ƙarya, ta fita. Jamilatu ta bi ta zuwa tashar bas.

"Anti Safura, ki yafe ni. Ni na kawo labarin, ban san abin da za su yi da shi ba. Na san duk ƙarya ce."

Safura ta dube ta. "Ta yaya kika sani?"

Safura ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ba ki sani ba. Su ma ba su sani ba. Ɗazu kin faɗi haka a kan sarkinki, kuma daidai ne, ki tsaya a nan. Ba na bukatar a wanke ni, don ban kai wa kowa ƙara ba." Ta gyara mayafinta. "Wani yaro ne mota ta buge a Peckham, shi ya sa aka kira Dakta. Zan je in dafa masa abinci kafin ya dawo."

Bas ya zo, ta hau.

Jamilatu ba ta ƙara taka gidan Alhaji ba. Bayan wata biyu ta shiga wani shagon kayan abinci a Stratford sayen daddawa, ta ga kaset ɗin bidiyon wasan a jere kusa da garin rogo. A jikin kwalin an rubuta sunanta a matsayin wadda ta yi bincike. Mai shagon ya ce yana tafiya sosai, har an aika wasu Kano da Kumasi. Ya sa mata farkonsa a talabijin ɗin da ke saman kanta. An yanke jawabinta gaba ɗaya, kuma mai ɗaukar hoton ya fi nuna layi na uku fiye da dandamali.

Ta roƙe shi ya kashe. Ta ari alƙalaminsa ta goge sunanta a kan kwalayen da suka rage, yana kallonta yana mamaki. Ta fito ba ta sayi daddawar ba.

Dakta Zuberu da Safura sun koma Glasgow a shekarar da ta biyo, inda ya samu aiki. A taron ƙungiya na gaba an sake zaɓen Alhaji Nata'ala ba hamayya.